Ruwan Farko Ya Same Ni a Kwatano

Mutumin da ya kai ni Kwatano sunansa Ɗanliti. A kasuwar Ɗanbatta na san shi, yana sayar da tsofaffin rediyo da fitilu. Shi ya ce min akwai aikin gadi a can bakin teku, in yi rani ɗaya in dawo kafin ruwa ya sauka. Da muka ƙetare iyaka sai ya karɓi katina na ɗan ƙasa da wayata, ya ce masu aikin suna son su gani kafin su ɗauke ni. Ya zaunar da ni a kan benci a tasha, ya saya min ruwan leda, ya tafi. Na zauna har la'asar ta wuce. Ban sake ganin Ɗanliti ba har yau.

Wata mai sayar da shinkafa da wake ce ta lura da ni. Ba ta jin Hausa, ni kuma ba na jin ko kalma ɗaya ta yarensu. Ta zuba min abinci a roba, na nuna mata aljihuna cewa ba zan iya biya ba, ta girgiza kai ta tura min robar. Da na gama sai ta kalli hulata, ta nuna min hanya da ludayinta, tana ta maimaita kalmar zango. Haka na bi har na iske masallacin Hausawa. A barandarsa na zauna kwanaki, ina dako in an samu, in ba a samu ba in zauna.

Garin bai karɓe ni ba. Iskarsa jiƙaƙƙiya ce, in ka wanke riga ba ta bushewa, jikinka kullum yana danƙo. In na ga mai kaki daga nesa sai in canja hanya, domin ba ni da wata takarda da za ta ce ga ko ni wane ne. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ruwan sama. A can yana fara zuba tun muna tsakiyar bazara a gida. Ranar da na fara jin tsawa, sai da na miƙe tsaye ban sani ba.

Dalili kuwa, gonaki biyu gare ni. Akwai ta tudu, mai ɗan faɗi, akwai kuma ta bayan gida wadda na gada daga mahaifina. A wajenmu ƙasa ta yi wa mutane kaɗan, ko ina ka taka iyakar wani ce, abin da ka shuka a naka shi za ka ci. 'Ya'yana mata ne, duk suna gidajen mazajensu. A gida daga mahaifiyata, Inna, sai matata Hajara. Na kai taki kafin in fito, na share, na ce musu ruwan farko a gida zai same ni. Gero kuwa da ruwan farko ake shuka shi. Wanda ya makara, a rumbunsa zai gani.

A masallacin na haɗu da Bukar. Na nemi aron buta, ya ji maganata, ya tambaye ni ko daga arewacin Kano nake. Shi ɗan Rijiyar Zaki ne, kakanninsa daga Barno suka zo, ya yi karatun kwamfuta, yana aiki a shagon wani Alhaji mai sayen tsofaffin kwamfutoci da ake saukewa daga jirgin ruwa. Da ya ji cewa Inna Bafulatana ce, sai ya yi dariya ya ce ashe bawansa ya tsinta a ƙasar mutane, ba zai bar dukiyarsa tana kwana a baranda ba. Na ce masa Babarbare bai taɓa mallakar ko akuya ba sai da Bafulatani ya ba shi. Tun daga ranar yake ce min Baffa. Ya kai ni wajen Alhaji, aka ba ni aikin ɗaukar kwalaye da kakkaɓe ƙura daga cikin na'urori da ɗan buroshi, aka kuma ba ni tabarma a ɗakin ajiya. Lambar Hajara tana kaina, da wayar Bukar na kira ta na ce ina lafiya. Ban gaya mata sauran ba.

Shi ne kuma ya kwantar min da hankali game da ruwa. Ya ce daga teku yake tasowa, yana hawa arewa a hankali, sai ya daɗe kafin ya isa Kano. Ya kuma ce akwai hanyar komawata. Wata ƙungiya mai koyar da manya karatu a ƙauyukan Kano ta sayi ƙananan kwamfutoci na hannu masu yawa a wajen Alhaji. Babbar mota za ta kai su, kuma Alhaji ya yarda a rubuta ni a matsayin ɗan rakiyar kaya. Direban ɗan Kunci ne, an san shi a hanya. Da kayan zan ƙetare iyaka. Ba tare da su ba, ban san yadda zan wuce ba.

Sharaɗi ɗaya masu sayen suka sa, kuma Alhaji ya amsa musu tun kafin ya tambayi Bukar: kwamfutocin su riƙa magana da Hausa. Bukar ya bayyana min cewa kowace kwamfuta tana da babbar manhaja a cikinta wadda ke tafiyar da komai, in babu ita ƙarfe ne kawai. Wadda zai ɗora kyauta ce, mutane ne daga ƙasashe daban-daban suke haɗa ta don sa kai, kowa na iya duba cikinta ya gyara. Sai dai wadda aka gama aka tabbatar da ita ba ta da Hausa. Mai Hausar sabuwa ce, ba a gama ta ba, an fito da ita ne don a gwada a faɗi inda take da matsala. Na tambaye shi ko ba za a jira a gama ba. Ya ce sai bayan watanni, kuma Alhaji ya riga ya yi alkawari.

Ta farko da ya ɗora wa ba ta ba shi wahala ba. Ya soka ɗan filas mai ɗauke da manhajar a gefenta, wani layi ya riƙa tafiya a fuskarta har ya cika, ta mutu, ta tashi. Ya kira ni ya ce in karanta. Karatun allo na yi tun ina yaro, boko kuwa shekara biyu ke nan da na fara zuwa ajin yaƙi da jahilci bayan la'asar. Na sa yatsa na bi haruffan a hankali. An rubuta barka da zuwa. Na sake karantawa don in tabbatar. Bukar ya ce in ƙarfe ya fara gaida Bafulatani to duniya ta zo ƙarshe. A ranar na yi barci mai daɗi, ina lissafin cewa zan isa gida da sauran lokaci.

Ta biyu ce ta fara nuna mana halinta. Layin ya tafi har ya kusa cika, ya tsaya. Muka jira, muka yi azahar muka dawo, yana nan inda yake. Ta uku ta cika, amma da ta tashi sai fuskarta ta yi baƙi, wani ɗan farin ɗigo yana ƙyaftawa a kusurwa. Waɗansu kwamfutocin suka rubuto cewa ba su ga ma'ajiyar da ke cikinsu ba, alhali Bukar ya buɗe ya nuna min ita a zaune. Ashe kayan ba iri ɗaya ba ne, a waje kawai suka yi kama. Aikina ya koma zama a gaban teburi ina gadin layuka. In ɗaya ya tsaya, in karanta wa Bukar abin da aka rubuta, rabi Hausa rabi Turancin da ba a fassara ba, ina kiran masa harafi ɗaya ɗaya. Na raba su gida uku a ƙasa: masu tashi, masu tsayawa, da masu baƙar fuska. Masu tashi su ne mafi ƙaranci.

Su ma masu tashin ba su bar mu ba. Daga ƙasar masu Faransanci aka kawo su, haruffan madannansu ba a inda manhajar take zato suke ba. Sai Bukar ya sa kalmar sirri, in an tashi shiga ta ce ba ita ba ce. Ya gano wannan ya gyara. Bayan haka masu manhajar suka fito da wani gyara, ya sauke ya ɗora, masu tsayawa suka wuce, muka yi murna. Washegari na rufe murfin ɗaya don in goge bayanta, da na buɗe ba ta farka ba. Muka gwada sauran, duk haka. Gyaran da ya tashi waɗancan shi ya kwantar da waɗannan. Bukar ya cire hularsa ya ajiye a kan teburi.

Ya rubuta wa masu manhajar a dandalin da suke haɗuwa a intanet. Wani ya amsa masa da cewa wanda ya ɗora manhajar gwaji a kan kayan aiki shi ya jawo wa kansa. Bukar ya karanta min, ya ce gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar ba ta tashi ko ɗaya ba. Sai wata mata daga wata ƙasa mai sanyi ta amsa. Ta ce a ɗauko mata hoton fuskar kowane iri, da abin da aka rubuta a ƙarƙashinta. Ni na riƙa juya su ina riƙewa yana ɗauka. Tana da nata aikin da take ci da shi, sai ta tashi take duba namu, saboda haka kowace amsa sai mun wuni mun kwana muna jira. Ta aiko gyara, bai yi ba. Ta ba da haƙuri, ta ce a sake aiko hoto. Ban san fuskarta ba, ban san addininta ba, amma na sa ta a addu'a.

Direban ya zo ya tsaya a bakin ƙofa ya kalli tarin da ke ƙasa. Ya ce ya ɗaga tafiyarsa sau ɗaya saboda Alhaji, ba zai sake ba, akwai kayan mutane a motar. Na taya yaransa ɗaure tamfol, na tsaya ina kallo har motar ta sha kwana. Ya ce zai dawo, amma bai san yaushe ba, sai yadda hanya ta yi.

Ba a daɗe ba wayar Bukar ta yi ƙara da safe, ya miƙo min. Hajara ce. Ta ce an yi ruwa jiya, mai yawa, har ya kwanta a tsakar gida. Ta ce tun asuba mutane suka fita da sungumi, maƙwabcinmu Malam Idi ya kusa gama tasa, ya ce zai yi mana saran shuka in an ba shi iri. Na ce to a ba shi mana. Ta ce Inna ta hana.

Na san dalili tun kafin ta faɗa. A gidanmu damin iri a can ƙasan rumbu yake, kuma babu mai shiga rumbun sai maigida. Shi zai yi alwala, ya hau, ya yi bisimilla ya ɗebo da hannunsa. Haka kakana ya yi, haka mahaifina, haka ni tun da ya rasu. Mace ba ta shiga, baƙo ba ya shiga. Ba a littafi yake ba, limaminmu ma zai gaya maka haka. Amma Inna ta shekara sittin tana ganin ana yi, kuma a wajenta albarkar gidan a nan take. Ban taɓa tunanin abin ba, domin ban taɓa yin nisa da damina ba.

Bukar ya ji komai, don ɗakin ƙarami ne. Da yamma ya zaunar da ni ya ce akwai abin da zai iya yi. Zai iya ɗora manhajar yadda duk za su tashi su nuna gaisuwar Hausa, Alhaji ya gani ya gamsu, a nemi kowace mota a loda, in tafi. Amma duk wadda aka rufe murfinta ba za ta farka ba, kuma can ƙauye babu mai gyarawa. Ya ce shi ba ya son yin haka, sunansa ne zai ɓaci, amma shi ba shi da gona.

"Baffa, abincin gidanka ne. Kai za ka faɗa."

Na so in ce ya yi. Har na buɗe baki. Sai na tuna ajinmu, da dattawan da muke zama tare a kan benci, yadda mutum yake ɗari-ɗari in an miƙa masa alli. Na san irinmu. In aka ajiye wa ɗayanmu wannan abu a gabansa, ya rufe ya buɗe ya ga ya mutu, ba zai ce manhaja ce ba a gama ba. Zai ce shi ya lalata, jahilcinsa ne, kuma gobe ba za a gan shi a aji ba. Na ce wa Bukar mu jira matar nan. Na ce ya ara min wayarsa.

Inna ba ta son waya, tana cewa kamar magana da mutum ta bayan katanga. Hajara ta kara mata a kunne. Na gaishe ta, ta amsa a taƙaice, ta tambaye ni ina nake a hanya. Na ce ban taso ba.

"To ka taso," ta ce.

"Inna, ba ni da takarda. An karɓe min tun ranar da na zo. Ba zan iya ƙetarewa ba sai da kayan nan, kayan kuma ba su gyaru ba."

Ina jin kaji a bayanta.

"Sale, tun da aka kawo ni gidan nan ban ga ƙafar mace a rumbun nan ba. Ni kaina ban san cikinsa ba. So kake a kaina a fara?"

"Ina so ku ci tuwo ne, Inna. Laimar nan ba za ta jira ni ba."

"Allah ne ke ba da tuwo."

Na ce haka ne. Na roƙe ta da girman mahaifina, na roƙe ta da nonon da ta ba ni. Ta ce wa Hajara ta ɗauke abin daga kunnenta.

Washegari babu kira. Na zauna gaban layuka ina kallo, ba na ganin komai. Na san yadda ƙasarmu take, jigawa ce, rana biyu in ta buga ta sai saman ya koma gari. Bukar bai yi min wasa ba ranar, ya dai sayo min kunu ya ajiye kusa da ni. Na yi tunanin in fita in kama hanya da ƙafa, in faɗa hannun duk wanda zan faɗa. Na je har tasha, na ga mai shinkafar nan, ta gane ni ta ɗaga min ludayi. Na juyo.

Kashegari da hantsi Hajara ta kira, ta ce Inna ta ce a ba ni. Muryar Inna a dashe take, kamar ba ta yi barci ba. Ta ce ta amince da abu ɗaya. Hajara ta yi alwala ta hau, amma ni zan yi bisimilla da addu'ar da ubana yake yi, da ƙarfi, wayar tana bakin rumbu. Kuma irin gonar tudu kaɗai za a ɗebo. Na ce ta bayan gida fa. Ta ce kada in ƙara mata magana.

Na fita bayan shago, tsakanin tarin kwalaye da kwata, na toshe kunne ɗaya saboda ƙarar babura. Na ji Hajara tana jingina tsani, na ji an ɗaga murfin rumbu. Ta ce min a hankali ta iso. Na yi bisimilla, na karanta addu'ar har ƙarshe, masu wucewa suna kallona. Sai na ji ƙarar zangarniya tana gogar juna. Daga nesa Inna tana cewa a yi a hankali da dami na hagu, na dawa ne.

Gyaran matar ya zo bayan haka, na ukunta ko na huɗu. Bukar ya ɗora wa ɗaya, ya rufe, ya buɗe, ta farka. Bai yarda ba, ya ce in yi ta rufewa ina buɗewa har hannuna ya gaji. Muka bi sauran ɗaya bayan ɗaya, a kashe, a kunna, a rufe, a buɗe, a danna kowane harafi. 'Yan kaɗan suka ƙi har ƙarshe, ya ware su, Alhaji ya yi faɗa ya musanya. Sannan muka zauna jiran direba. Ranar da zan tafi Bukar ya ba ni wata tsohuwar waya da ya gyara, ya ce kada bawansa ya sake ɓata bai sani ba.

A hanya gonaki nake kallo. A kudu masara ta fi mutum tsawo. Muna hawa tana raguwa, ta dawo ƙugu, ta dawo gwiwa. A kowane shinge sai direban ya sauka da takardun kaya, ya nuna ni da hannu, a leƙo a dube ni, a ce mu wuce. Da muka sauke kayan a Kano ban tsaya ko shan ruwa ba, na hau motar Ɗanbatta.

Ta gonar tudu na bi kafin in shiga gida. Gero ya fito ya kai ƙwauri, layukan sun ɗan karkace, akwai gurabe nan da can inda laima ta tsere, amma ya fito, har an fara noman farko. Da na zagayo bayan gida sai na ga gonar mahaifina. Ko ina kore ne, ita kaɗai ce ciyawa ta rufe, takin da na kai yana nan tsibi tsibi.

Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta. Na durƙusa na gaishe ta. Ta dube ni, ta ce na rame. Sannan ta nuna bayan gida da haɓarta.

"Ga ta ubanka nan, ta jira ka."

Ban ce mata lokaci ya wuce ba. Da asuba na yi alwala na hau rumbu, na ɗebo, na share ciyawar, na shuka. Ya fito, ya yi kara, amma ruwa ya ɗauke yana cikin fitar da kai. Abin da na yanka a can bai fi abincin akuya ba.

Geron tudu muka ci a wannan shekarar, da ƙyar ya kai mu wata damina. Inna ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Sai dai tun daga kakar nan, in Hajara ta kawo mata tuwo, ba ta sa hannu sai ta ce mata ta ɗauko nata ta zo su ci tare.